Batirin Injin Jefa Faifai

Gonar Alhaji Lawal,
Hanyar Funtua zuwa Malumfashi,
Jihar Kaduna.
Agusta, 1984.

Zuwa ga Yayana Bitrus,

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, gaisuwar ƙane ga wansa, mai cike da marmarin ganinka. Ina fata wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da Yaya Roda da yara, da dukan mutanenmu na Arewa da kuke tare a Fatakwal. Allah ya kiyaye ka a kan ruwan nan da kake aiki, ya tsare fitarka da shigarka. Mu ma muna nan lafiya gwargwado. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana lallaɓawa bayan gida ta tsinko kuɓewa da kanta, ko an hana ta ba ta ji. Matata Rahab ta yaye Tabita, yarinyar ta yi rigima 'yan kwanaki sannan ta haƙura, yanzu koko kawai take sha kamar ba gobe. Rufin majami'armu da iska ta yaye an mayar da shi, maza da mata kowa ya sa hannu. Ruwa kuwa bana ya yi mana jinkiri ƙwarai, da ya zo ma ba mai yawa ba, amma masara ta fara goyo, mun gode Allah.

Yaya, akwai maganar da ta dame ni, na daɗe ina juya ta a raina kafin in ɗauki biro. Ban so in ɗora maka nauyi ba, amma na duba gabas da yamma ban ga wanda zan faɗa wa ba sai kai. Ka yi haƙuri da tsawon takardar, sai na fara daga tushe za ka gane.

Ka san Alhaji Lawal, mai gonar da nake tuƙa wa tarakta, wanda kuma gidan da muke zaune da Inna yake cikin filinsa. Da bazarar nan ya je Ingila, ya dawo da wani inji a cikin akwatin katako. Da aka buɗe muka taru muna kallo, babu wanda ya san aikinsa. Ƙarfe ne mai ƙafafu, da wani hannu dogo da aka ɗaure da sifirin, wato naɗaɗɗen ƙarfe mai talewa, mai kaurin tsintsiyar hannu. Tare da shi akwai kwalaye cike da 'yan faya-faye na yumɓu, kowanne bai fi murfin kwanon sha ba. Alhaji ya yi mana bayani yana ta murna, ya ce wasan manya ne a can. Ana ɗora faifai a kan hannun, wani ya danna maɓalli daga nesa, hannun ya wulwulo shi sama kamar hasbiya ta tashi, mai bindiga kuma ya harbe shi kafin ya faɗo. Ya ce manyan mutanen da yake neman kwangila a wurinsu suna son wasan, in suna zuwa gonarsa ran Asabar, magana za ta fi sauƙi fiye da a ofis. Injin da batir yake aiki, irin na mota, shi ne ke ja da hannun baya ya ɗana shi bayan kowane jifa.

Aka haƙa rami a filin da ke bayan dam, gaban inda maharban za su tsaya, aka gina shi da bulo aka rufe samansa da kankare, aka bar baki ta gaba inda faifai zai fita. Cikin ramin nan aka kafa injin, kuma dole mutum ya zauna kusa da shi yana ɗora faifai ɗaya bayan ɗaya. Ba a iya miƙewa tsaye a ciki. Bindigogi kuma ta saman kanka suke tashi. In kana son fita sai ka tura jan ƙyalle a kan gora ta wata 'yar kafa, su gani su sauke bindiga.

Jibo aka fara sakawa, mutumin Matazu ɗin nan mai feshin auduga, ka san shi, shi ne ya taya mu rufin ɗakin Inna. Batirin akori-kurar gona aka ciro aka haɗa. Asabar ta farko lafiya lau, ta biyu ma haka. Daga nan batirin ya fara gajiya tun rana ba ta yi tsaka ba. Wata Asabar sai hannun ƙarfen ya ja baya ya tsaya a rabi, bai ɗanu ba bai kuma saki ba, injin yana ta gurnani. Baƙi suna jira, ana ta kiran Jibo daga waje. Bawan Allah ya sa hannu don ya taimaka masa ya ƙarasa, sai ƙarfen ya kuɓuce. Ya karya masa wuyan hannu da yatsu. Gaskiya Alhaji da kansa ya ɗauke shi a motarsa ya kai shi asibiti, ya kuma tsaya a kansa har aka sallame shi. Amma hannun ya warke a karkace, ba ya riƙe fartanya, ba ya riƙe famfon feshi. Ya kwashe iyalinsa ya koma Matazu. Batirin akori-kurar ma daga ranar bai ƙara riƙe caji ba.

Bayan haka Alhaji ya kira ni. Ya ce ni ne na san ƙarfe a gonar nan, ni zan riƙa shiga ramin, har ya yi mini wasa wai ai mai suna Ɗanasabe ranar Asabar tasa ce. Yaya, na so in ce a'a, kalmar ta zo har bakina. Sai na tuna ranar da naƙudar Tabita ta zo wa Rahab da gardama, ruwan sama ya cinye hanya, mutumin nan ya fito da kansa ya tuƙa mu har Malumfashi. Na tuna bai taɓa yi mana gorin gida ba, bai taɓa hana ni zuwa sujada ran Lahadi ba, ko da aiki ya yi yawa. Da mugu ne da na san yadda zan yi da shi. Amma kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Na sunkuyar da kai na ce to, ranka ya daɗe.

Ya ce akwai manyan baƙi da za su zo daga Kaduna, waɗanda ya daɗe yana nema, ba ya son injin ya kunyata shi. In je in nemo batir mai kyau, ya bar mini zaɓi. Na hau keke na shiga Funtua wurin Donatus mai cajin batir, ɗan Kudun nan da aka haifa a garin, wanda Hausarsa ta fi tawa. Na kwashe labari na faɗa masa. Ya saurara yana goge hannu da tsumma, sannan ya ce batir iri-iri ne kamar mutane. Na mota an yi shi ne ya yi ƙarfi lokaci guda ya tayar da inji, daga nan ya huta mota na ciyar da shi. In ka sa shi aikin yini ka tsotse shi har ƙasa, to ka rage masa kwana, in ka maimaita ya mutu. Ya ce akwai wani iri da ake sa wa jiragen ruwa, shi ba ya gaggawa, yana ba da wuta a hankali tun safe har yamma, a tsotse shi a sake cika shi bai damu ba. Wannan ne daidai da aikina, amma tun da yake bai taɓa ganinsa a Funtua ba, sai can wajenku. Sabon batir ma ko na mota ya yi wuya a kasuwa, ka san yadda kaya suka ɓace a ƙasar nan tun bara, mun zaga shaguna tare har Zariya ya aika, babu.

Abin da yake da shi a ƙasa wani tsohon batirin babbar mota ne, wanda ya fasa ya canja masa ciki ya liƙe da kwalta. Bai ɓoye mini komai ba. Ya ce zai iya kai ni yamma, zai iya kuma yashe ni da hantsi, shi ba zai rantse ba. Da na ambaci batirin taraktarmu, ya ce wannan kam lafiyayye ne, zai yi aikin yini guda babu shakka, amma kada in zo in yi masa kuka in taraktar ta ƙi tashi daga baya.

To ka ga inda na tsaya. Lokacin ruwa ya sauka ke nan bayan dogon jira, kowa hankalinsa na kan huɗa. Al'adar gonar nan kuwa, in na gama filin Alhaji sai in bi gonakin ma'aikata da na maƙwabta in yi musu haro. Maƙwabcinmu Mati, wanda idonsa ɗaya ya yi yana, bijimin huɗarsa ya mutu da rani, kullum da safe yana bakin ƙofarmu yana tambaya yaushe zan iso gonarsa. Ba shi kaɗai ba ne. In taraktar ta kwanta, gidaje da yawa sun rasa damina. In kuma na ɗauki na Donatus ya gaza, ni ne a cikin rami da hannun ƙarfen nan. Gaba kura, baya siyaki.

Na koma wurin Alhaji na yi masa bayani dalla-dalla. Ya ce shi ba ya son dogon turanci, abin da ya sani faifai ya tashi ran Asabar, tarakta ta tashi ran Litinin, sauran kuma aikina ne. Rahab da ta ji, ta ajiye muciya ta ce in ciro na tarakta kawai, gona in ta wuce bana akwai baɗi, amma hannu ba zogale ba ne da za a sare shi ya sake tohowa. Ta ce in je Matazu in dubi Jibo in na manta. Gaskiya ta faɗa. Amma washegari da na fito na tarar da Mati a tsugune da buhun irinsa a gefe, sai na kasa taɓa batirin taraktar. Na ɗauko na Donatus a bayan amalanke.

Ran Asabar baƙi suka iso da motoci masu sheƙi. Aka kafa musu rumfa, aka gasa rago. Na shiga ramin na zauna a kan bulo, batirin a gefen ƙafata, kwalayen faifai a ɗaya gefen, ƙotar fartanya a kan cinyata, domin na yi wa Rahab alkawari ba zan kai hannu ba ko me zai faru. Da farko abin ya tafi daidai. In ɗora faifai, in janye, ƙarfe ya wulwula, bindiga ta tashi, gutsattsarin yumɓu su zubo a kan rufi kamar ƙanƙara. Ina jin shewarsu sama-sama. Zafi kuwa ba a magana, gumi har cikin ido, kunnuwana sai ƙugi suke yi.

Rana ta ɗaga sosai sai na fara jin wani wari mai shaƙe maƙogwaro. Na duba, kwaltar da aka liƙe batirin ta yi laushi, ruwansa yana tsattsafowa yana cin ƙasan wandona. Muryar injin ta canja, yana jan hannun da ƙyar kamar tsohon jaki a hawa. Can sai ya tsaya a rabi, daidai yadda ya yi wa Jibo, bakin ƙarfen yana kallon fuskata yana rawa. Na manne da bango. Na tura jan ƙyallen waje ina kaɗawa. Sai ɗaya daga cikin baƙin, ban san ko wane ne ba, da ya ga faifai ya daina fitowa, ya auna ƙyallen ya sakar masa wuta. Gorar ta karye a hannuna. Na ji an fashe da dariya, wani ma ya ƙara harbi don nishaɗi. Ban ce sun yi da mugunta ba, ina jin sun manta ne akwai mutum a ƙarƙashin kankaren.

Yaya, ban taɓa sanin abin da ake kira ƙunci ba sai ranar. In fita, bindiga. In zauna, ga ƙarfe a ɗane a gabana, ga ruwan batir a ƙafata. Na yi kira, muryata ba ta wuce bakin ramin ba. Na yi addu'ar da Inna ta koya mana muna yara, na maimaita ta ban san iyaka ba. Daga bisani na kwanta da gefe, na miƙa ƙotar fartanya na taɓa hannun ƙarfen. Ya saki, ya raba ƙotar biyu kamar karan dawa, guntun ya bugi bango ya dawo ya tsaga mini goshi. Na zauna jini na bin fuskata ina kallon guntun da ya rage a hannuna.

Da Alhaji ya gane abin da ake ciki ya tsayar da harbi, ya zo da kansa ya leƙo. Ya yi salati da ya ga jinin, ya ba ni hankicinsa, ya tambaye ni ko zan iya ci gaba, domin babban baƙon bai riga ya harba ba. Kafin in buɗe baki ya riga ya aika a ciro batirin tarakta. Haka aka haɗa shi, na koma ciki da ƙyalle a goshi, muka yi har la'asar sakaliya, har shi ma ya fara ja da ƙyar. Ka ga ke nan zaɓin da na sha wahalar yi bai tsirar da komai ba.

Ran Litinin na murɗa makulli, tarakta ta yi tari sau ɗaya ta yi shiru. Donatus ya yi wa batirin caji, ya tashe ta kwana kaɗan, ya sake mutuwa, don an ci gaba da kai shi rami kowace Asabar. Yanzu dabarar da muke yi, da yamma in hau da ita kan tudun dam in ajiye ta tana kallon gangara, da safe a tura ni in sake ta ta tashi da gudu. In ta tashi kuwa ba halin in kashe ta sai na dawo tudun. A kanta nake cin tuwo, a kanta nake shan ruwa, ko sauka zan yi sai in bar ta tana ruri ina waiwaye. Ranar da ta mutu mini a tsakiyar fadama sai da aka nemo shanu suka jawo ta. Gonakin mutane na yi wasu, wasu lokaci ya wuce su. Ta Mati rabi na samu na yi, sauran da hannu suka kafta shi da matarsa, shukar ta zo a makare.

Alhaji kuwa ya sami abin da yake nema a wurin baƙin. Ya kira ni gaban mutane ya yaba mini, ya ba ni riga sabuwa, ya ce babu mai saurin hannu kamata, baƙi har tambaya suke ina mutumin ramin nan. Rigar tana cikin akwati, Rahab ta ce ba ta son ganinta.

Makon jiya wani abu ya faru da ban zata ba. Inna, da ka san ko kasuwa ba ta zuwa, ta ɗauki sandarta ta taka har bayan dam ita kaɗai. Ta durƙusa ta leƙa ramin, ta daɗe tana kallo. Da ta dawo muka zauna muka ci abinci. Sannan ta ce in dai saboda ita nake zaune a gonar nan, to ta yafe gidan, ta yafe kuɓewarta, in rubuta maka mu taho Fatakwal, ko a ɗakin girki za ta kwana. Matar da ka yi shekaru kana roƙo ta zo ko ziyara tana ƙi. Rahab ta fashe da kuka don murna.

Washegari na yi ƙarfin hali na sami Alhaji na ce ina neman ya sallame ni. Bai yi fushi ba. Ya ce zai yi kewata, amma ba zai tare mini hanyar arziki ba. Sai ya ƙara da cewa dama Mati ya zo neman aikin ƙwadago tun da gonarsa ba ta yi ba, sai a koya masa ɗora faifai. Mati, Yaya, mai ido ɗaya, wanda ko igiyar akuya zai kama sai ya lalube ta. Kuma na san zai karɓa, don akwai yara a gidansa kuma rumbunsa ba zai cika ba bana. Na dubi Alhaji. Na ce masa ya bar maganar tukuna, zan ƙara tunani. Asabar ɗin da ta biyo baya na koma ramin da ƙafata.

Saboda haka ga roƙona. Kai da kake cikin jiragen ruwa, ka taimake ni ka nemo mini irin batirin nan da Donatus ya kwatanta, mai ba da wuta a hankali yini guda, wanda ƙarfin wutarsa daidai yake da na mota. Ko ba sabo ba ne, in dai lafiyayye ne. Ka tambayi masu gyaran jirgi a wurinku, za su fi ni sanin sunansa. Alhaji ya yarda zai ɗauki nauyinsa. In ka samu, ka ba direbobin da ke kawo kaya Funtua su sauke shi a shagon Donatus, kowa ya san wurin, ka gargaɗe su kada su kwantar da shi. Ranar da na ga injin nan ya yi yini cur bai tsaya a rabi ba, ranar zan iya barin wani ya zauna inda nake zaune, in ɗaure kayan Inna mu kamo hanya. Kafin nan, ko ƙofa a buɗe take ba ni da ƙafar fita. Kada ka rubuto ka ce in taho kawai, na riga na faɗa wa kaina haka ya fi a ƙirga, bai yi ba.

Ka gaishe mini da Yaya Roda da kyau, ka ce Rahab ta ajiye mata daddawa da kuka, sai an sami mai zuwa. Ka shafa mini kan ɗanka Ishaku da ƙannensa, ka ce su dage da karatu. Ka gai da Malam Bature da kuke haya tare, da Adekunle abokin aikinka da ka ce yana tambayar labarin Arewa. Inna tana sa maka albarka, Tabita ma da ta iya magana da ta gaishe ka. Ku riƙa tunawa da ni cikin addu'a, musamman ran Asabar da hantsi.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ni ne ƙanenka,
Ɗanasabe.